Ranar da Muka Yi Musun Kanmu a Kasuwar Mangu



Tun da muka dawo daga ziyarar da muka kai Jihar Filato a ƙarshen watan Agusta na 2024, iyayenmu a majami'a suke ta tambaya, "Yaya sanyin Jos? Ina tsarabarmu?" Mun raba dankali, mun nuna hotuna, mun kuma ba da rahoto a gaban ikilisiya kamar yadda aka saba. Amma akwai abin da ba mu faɗa a rahoton nan ba. Mu goma sha huɗu da muka yi tafiyar mun zauna, mun yarda a rubuta shi a nan ba tare da ambaton sunan kowa ba, domin laifin na dukanmu ne.

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a Katsina ya san yadda sunan Filato yake a kunnenmu. Can hedkwatar ECWA take, can ta COCIN take, duka a Jos. Fastocinmu da yawa sun yi karatu a Jos ko a Bukuru. Yayyenmu da suka je makaranta can sukan dawo da labarin garin da ake jin ƙararrawar sujada ta kowace kusurwa, inda ba mai tambayarka ta yaya Bahaushe ya zama Kirista. Mu kuwa wannan tambaya ta zame mana abincin yau da kullum. Yawancinmu asalin iyayenmu daga ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu ne, Hausa muka tsotsa a nono, ba mu da wani harshe sai ita. Duk da haka, a makaranta ko a wurin aiki, da zarar ka faɗi sunanka sai a ce, "Amma dai kai ba ɗan nan ba ne ko?" Saboda haka da aka ce za mu kai ziyarar zumunci ga matasan wata majami'a a wani ƙauye kusa da Panyam, a zuciyarmu gida za mu je. Wasu cikinmu har sun fara lissafin yadda za su nemi aiki can su zauna.

Wanda ya tuƙa mu dattijo ne, Musulmi, maƙwabcin majami'armu. Shekara da shekaru shi yake kai zumuntar mata taro, shi yake kai mu biki da jana'iza. Baba Direba muke kiransa, shi kuma ya ce mana "'ya'yana". Mun tashi ranar Laraba bayan ya idar da sallar asuba, muka bi ta Kankiya, Malumfashi, Funtuwa, Zariya, muka ɗauki hanyar Pambeguwa da Saminaka. Gero da dawa sun yi kore shar a dama da hagu. Muna ta waƙa, shi kuma yana buga sitiyari da yatsa, domin ya ji waƙoƙin nan har ya haddace muryarsu. Bayan mun wuce Saminaka, wata 'yar'uwa da ke zaune a gaba ta ga ya cire hularsa ya tura ta ƙarƙashin kujera. Ba ta ce komai ba, sai daga baya abin ya dawo mata.

Daga wajen Jengre ƙasa ta fara tashi. Mota ta riƙa nishi, kunnuwanmu suka toshe, iska ta sauya. Katsina tana kan tudun da bai wuce mita 500 da 'yan kai daga teku ba, Jos kuwa ta kai mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun haura mita 1,800. Mu da muka saba da zafin Afrilu mai hana barci sai ga mu muna rawar ɗari a tsakiyar damina. Wanda ya yi wa mahaifiyarsa gardama a kan ɗaukar rigar sanyi, shi ya fara roƙon a ara masa zane.

Mun kwana a Jos, da safe muka bi ta Bukuru, Mararrabar Jama'a, Heipang, Barikin Ladi, har Mangu. Gani ya kori ji. A ƙasarmu ido yakan tafi miƙe har ya gaji, sai dai kuka ko gawo su tare shi. Can kuwa fili ne mai faɗi a bisa tudu, ciyawa gajera, itatuwa tsilla-tsilla, sai manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Kana cikin tafiya sai ƙasa ta tsage, ka hango kwari a ƙasa, rafi yana gudu a cikinsa, gonaki sun bi gefensa hawa-hawa. Gajimare yakan sauko har ya rufe hanya, ka ga shanu suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Gidaje da gonaki an kewaye su da shingen ƙerana mai ƙaya maimakon dangar kara da muka sani.

Mun kuma ga tafkuna masu ruwa kore a gefen hanya, kowanne da tulin jar ƙasa kusa da shi. Mun ɗauka halitta ce, ashe ramukan haƙar kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a wannan tudu, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso Jos a 1914. Dubban lebura sun zo daga ƙasar Hausa da sauran lardunan Arewa, wasu don neman kuɗin haraji, wasu kuma an kawo su aikin tilas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa za ka ji sunayen garuruwa irin su Barikin Ladi da Mai Katako a tsakiyar ƙasar Birom da Ron. Turawa sun kwashe kuza sun tafi, sun bar ramuka, sun kuma bar jama'a iri-iri a wuri ɗaya suna neman yadda za su zauna da juna.

Masu masaukinmu Mwaghavul ne. Sun tarbe mu da ganga da guɗa, kamar waɗanda suka daɗe suna jiran ɗan'uwa. Suka ba mu gwaten acha mai zafi da alayyafo da gauta, muka sha har muka yi gumi a cikin sanyin nan. Suka gaya mana cewa 'yan mishan sun zauna a Panyam tun 1907, aka kuma buɗe makarantar horar da masu bishara da malamai a Gindiri a 1934. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, sujadar yamma da Hausa aka yi ta. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, shi ne a hannun tsofaffinsu. Hausarsu dai ta bambanta da tamu, sukan ce wa mace "ya zo", mu ma kuma tamu ta ba su dariya. Duk sa'ad da ɗayanmu ya ce "mi" ko "wanga" ko "tahi", sai yara su kwaikwaya su fashe da dariya. A daren nan abin wasa ne.

Da sassafe ranar Jumma'a muka bi su gona tonon dankalin Turawa. Hannuwanmu sun san kaftu da girbin gero, amma ba su san laka mai sanyi kamar ƙanƙara ba. Suka nuna mana kunyoyin da cuta ta ƙone ganyensu, ciwon da yakan zo in ruwa da sanyi sun yi yawa, ya ruɓar da dankali tun yana cikin ƙasa. Suka yi mana kukan tsadar taki da magani. Wani saurayi ya nuna mana wata gona a can ƙasan kwari, ciyawa ta cinye ta, ya ce, "Wancan namu ne, amma shekara biyu ba mu je ba." Ba mu tambaye shi dalili ba, domin mun sani. Daga watan Mayu na 2023 an yi ta kai hare-hare a ƙauyukan Mangu. A jajibirin Kirsimeti na wannan shekara aka afka wa ƙauyuka da dama a Bokkos da Barikin Ladi, mutane fiye da ɗari suka mutu. A Janairun 2024 rikici ya shiga cikin garin Mangu, aka ƙone majami'u da masallatai, har gwamnati ta sa dokar hana fita. Mun ji duk wannan a rediyo muna Katsina, mun yi addu'a a kai. Amma jin labari daban, tsayawa kusa da mai gonar daban.

Jumma'a ce ranar kasuwar Mangu. Da hantsi muka shiga mota muka tafi yin tsaraba. Kasuwa ce babba, manyan motoci sun jeru suna lodin masara da dankali zuwa Kudu da Arewa. Ga kabeji, ga karas, ga koren wake, ga tattasai, ga acha a kwarya, ga fiya. Mata 'yan ƙauye sun sauko daga tuddai da kaya, 'yan kasuwa Hausawa suna ciniki, matan Fulani suna zaune da ƙwaryar nono a gefe. In ba an gaya maka ba, ba za ka ce wata bakwai da suka wuce an yi ƙone-ƙone a garin nan ba.

Muka tsaya wurin wata uwa mai sayar da dankali. Baba Direba ya biyo mu da buhu a hannu don ya taimaka mana da ciniki, gama ya fi mu sanin kan kasuwa. Wata 'yar'uwarmu ta durƙusa ta ce, "Sannu Mama, kwandon ga nawa?"

Matar ta ɗaga kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Fara'ar da ke fuskarta ta ɗauke. Ta ce, "Ku daga ina?"

Muka ce daga Katsina.

Ta ja kwandonta baya. Ta ce, "Ku ne. Irin maganarku ke nan. Da wannan Hausa aka yi ta kiran mijina ya fito daga ɗaki." Muryarta ba ta tashi ba, amma matan da ke kusa sun ji, suka daina abin da suke yi. Wasu samari biyu suka matso.

Ba za mu ɓoye muku ba, tsoro ya kama mu. Masu masaukinmu sun yi gaba wajen 'yan masara, ba kowa kusa da zai yi magana a madadinmu. Sai wani ɗan'uwa a cikinmu ya zaro sarƙar gicciye daga cikin rigarsa, ya juya harshe zuwa Turanci, sa'an nan ya ƙara da Hausa don kowa ya ji, "Mama, mu Kiristoci ne. Mu ba Hausawa ba ne. Mu ba irinsu ba ne." Da ya ce "irinsu", hannunsa ya nuna gefen da Baba Direba yake tsaye. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, shi kansa ya ce bai sani ba. Mu sauran goma sha uku muka gyaɗa kai. Wasu muka ce, "Haka ne, Mama." Ba wanda ya ce, "Wannan babanmu ne, tare muke."

Maganar ta yi aiki. Matar ta sauke ajiyar zuciya, ta ce mu yi haƙuri, har ta yi mana gyara. Samarin suka koma inda suka fito. Baba Direba ya ajiye buhun a ƙasa a hankali, ya ce, "'Ya'yana, bari in je masallaci, lokaci ya yi. Ku same ni a mota." Ya juya ya tafi, kansa ba hula.

Mun sayi dankalin. Buhu uku. Shi ne wanda muka raba muku.

A hanyar komawa ƙauye ba wanda ya ta da waƙa. Da dare muka taru a ɗakin da aka sauke mu, aka fara gardama. Wasu suka ce hikima ce, an kashe wuta tun ba ta kama ba, ai da mun yi taurin kai da shi Baba Direban ne zai fara shan wahala. Wasu suka ce ko da hikima ce, ƙarya ce. Mu Hausawa ne. A Katsina in aka ce mana ba 'yan gari ba ne mukan ji zafi, mu kawo sunayen kakanninmu da na ƙauyukanmu. Ga shi rana ɗaya tak da zama Bahaushe ya zo da tsada, mun yar da shi a ƙasa kamar rigar da ta kama wuta. Sai 'yar'uwar da ta zauna a gaba ta faɗi zancen hular. Ta ce tun daga Saminaka mutumin nan yake cikin tsoron da mu muka ɗanɗana na minti biyar, bai ce mana uffan ba, bai kuma juya da motarsa ba.

Wani dattijon majami'ar da yake kwana kusa da mu ya ji hayaniyarmu, ya shigo da fitila. Muka gaya masa kome. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce kada mu ga laifin matar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ya ce akwai irinta da yawa a garin, akwai kuma matan Musulmi da aka ƙone musu gidaje, waɗanda su ma in sun ji wani harshe sai gabansu ya faɗi. Ya kuma tuna mana da Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi. A watan Yuni na 2018, sa'ad da mahara suka kori mutanen ƙauyukan da ke kewaye, wannan tsoho ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo saboda wannan. Dattijon ya ce, "Da Hausa ya roƙi maharan. Harshen da ya ba matar nan tsoro, da shi aka ceci waɗancan. Shi ya tsaya a ƙofa domin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, alhali bindiga na gabansa. Ku fa, me ke gabanku? Kwandon dankali."

Bai ƙara ba, ya ɗauki fitilarsa ya fita. Muka buɗe Matiyu sura 26, ƙarshenta, muka karanta labarin Bitrus a farfajiyar babban firist. Mun sha karanta shi, amma ba mu taɓa lura ba cewa abin da ya tona Bitrus a daren nan shi ne irin maganarsa ta mutanen Galili. Lafazinsa ne ya nuna inda ya fito da wanda yake tare da shi. Tsoro ya sa ya yi musu. Ba muna cewa direbanmu Almasihu ne ba. Amma Ubangijin da ya umarce mu mu ƙaunaci maƙwabcinmu bai ce sai maƙwabcin da muke sujada tare da shi ba. Mun ɗaga gicciye sama don mu ceci kanmu, a daidai lokacin da muke yin abin da gicciyen ya hana.

A mota Baba Direba yake kwana tun da muka zo, ko da yake an ba shi ɗaki. Ya ce yana gadin motarsa ne. Da asuba ranar Asabar muka same shi yana alwala da ruwan da ya ɗuma a murhun masu masaukinmu. Muka jira ya idar da salla, muka durƙusa mu duka a cikin raɓa. Ɗan'uwan da ya yi maganar ya ce, "Baba, mun yi maka laifi jiya. Ka gafarta mana."

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Na ji zafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Wasunku ina nan aka haife su. Ni na kai uwarka asibiti da daddare." Ya nuna ɗayanmu. Sa'an nan ya gaya mana abin da ba mu taɓa tambayarsa ba a duk shekarun nan. Asalinsa daga wani ƙauye ne a yankin Batsari. 'Yan bindiga sun kashe ƙanensa a gona, iyalin ƙanen suna gidansa a Katsina yanzu, shi yake ci da su. Ya ce, "Matar nan ta kasuwa, da ta san ni, da ta san kuka ɗaya muke yi. Matata ta ce kada in zo. Na ce mata ba zan bar wani baƙo ya tuƙa 'ya'yan maƙwabtana a wannan hanya ba." Ya shafa fuska ya ce, "Ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ku tashi, ƙasa da sanyi."

Ranar nan masu masaukinmu suka kai mu Kerang, muka ga tuddan da tsohon aman wuta ya bari da maɓuɓɓugar da ake ɗura ruwan Swan daga gare ta. Muka hau wani tudu tare da Baba Direba, yana haki yana yi mana tsiya cewa ƙafafun 'yan birni ne da mu. Daga sama ana hango kwari bayan kwari, da gonakin da ake nomawa, da waɗanda aka gudu aka bari. Ranar Lahadi da aka ba mu dama mu gai da ikilisiya, shugabanmu ya tashi ya ce, "Mu Hausawa ne daga Katsina, masu bin Yesu. Wanda ya kawo mu lafiya kuma maƙwabcinmu ne, Musulmi, yana waje yana jiranmu." Bayan sujada tsofaffi suka fita suka gaishe shi, wata uwa ta kawo masa kwanon acha ya kai wa iyali.

Matar kasuwa dai ba mu sake ganinta ba. Har yau tana nan da abin da muka gaya mata, cewa duk mai irin maganar nan abin tsoro ne, sai dai in ya nuna gicciye. Mun sami zarafin nuna mata wani abu dabam, muka bar shi ya wuce. Wannan yana damunmu fiye da kome, kuma ba mu da hanyar gyara shi sai addu'a.

Da muka sauko daga tudu ranar Litinin, muka wuce Saminaka, Baba Direba ya laluba ƙarƙashin kujera ya ɗauko hularsa, ya kaɗe ta, ya sa. A daidai nan kuma muka lura wasu cikinmu sun fara tura sarƙoƙinsu cikin riga. Muka dubi juna. Kowa da inda yake ɓoye kansa a ƙasar nan.

Waɗanda suka yi niyyar ƙaura zuwa Jos ba mu ce sun fasa duka ba, kowa da yadda Ubangiji zai bi da shi. Amma ba wanda yake ce da Filato mafaka yanzu. Wuri ne mai kyau ƙwarai, mutanensa masu karɓar baƙi, suna kuma ɗauke da nasu nauyin kamar yadda muke ɗauke da namu.

Muna roƙonku, 'yan'uwa, ku taya mu addu'a a wannan mako. Ku tuna da gwauraye da marayu na Mangu da Bokkos da Barikin Ladi, da na Batsari da Jibiya da Ƙanƙara. Ku tuna da matar nan mai dankali, Allah ya san sunanta. Ku tuna da manoman da suke hangen gonakinsu daga nesa. Ku roƙa mana ƙarfin hali, domin ranar da tsoro zai sake zuwa, mu iya cewa, "Tare muke da shi." In kuma kun haɗu da Baba Direba a bakin majami'a ranar Lahadi, ku tsaya ku gaishe shi da kyau, ku tambaye shi lafiyar marayun da ke gidansa.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Amin.